Gindin Farcen Yaya

Yayata kifi take sayarwa, hannunta cikin ƙanƙara yake wuni. Da yatsunta suka fara yin fari fat, su koma shuɗi, su kama zogi, sai hankalina ya tashi. Haka na mahaifiyarmu suka fara. Kafin a gane ciwon, fatar hannunta ta ƙandare, abinci ma sai dai mu ba ta a baki.

Na ja Yaya asibiti tana ta mita. Likita ta ce za ta duba ƙananan jijiyoyin jini da ke gindin farce da madubi mai ƙara girma, domin nan ciwon yake fara nuna kansa tun fata ba ta taurare ba. Ta sa mana rana, ta ja kunne kada a taɓa wurin.

Ina! Yaya da kunya, wai ba za ta miƙa wa likita hannun mai kifi ba. Da safen ranar ta zauna da reza da soso, ta kankare gefen farcen nan tas. Likita ta ɗiga ɗan mai a gindin farcen, ta leƙa, ta girgiza kai. Ko'ina ƙwarzane ne, ba a bambance jinin reza da na ciwo. Sai mu dawo in ya warke.

Wallahi ban raga mata ba a hanya. Na kwashe duk rezar gidan, na ƙwace teburin kifin. Ita kuwa ta hakimce kan kujera, hannu a cinya, tana yi mini gori wai yankana kamar na mai jin haushin kifi.

Da muka koma, jijiyoyin suka fito a allon kwamfuta, wasu sun kumbura, wani wurin kuma wayam. Likita ta ce alamar ce, amma mun zo da wuri. Za a gwada jini, a duba huhu, a fara magani, ƙanƙara kuma an yi sallama da ita.

Yaya ba ta yi kuka ba. Sai ta cafko hannuna daga cikin mayafi.

"Likita, duba na wannan ma. Tana zaton ban ga launin yatsunta a bakin tebur ba."

Na buɗe baki zan ce sanyi ne kawai, ta watsa mini harara. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ja kujera, na shimfiɗa yatsuna, likita ta ɗiga man.