Indararon Gidan Bala Tela

Tun da Bala tela ya sauya rufin ɗakunansa daga soro zuwa kwano, ruwan sama ya sauya hanya. Duk sai ya taru a indararo ɗaya, ya yi tsalle ya daki katangar ƙasa ta maƙwabcinsu Malam Ummaru, daidai bayan ɗakin da yake ajiye littattafansa.

'Yar Bala, Zuwaira, ce ta fara lura. Ta gama jami'a a Sakkwato ta dawo gida Dingyadi, tana kula da ɗan lambunta na yakuwa da kuɓewa da tattasai a lungun da ke tsakanin gidajen biyu. Bayan kowane ruwa takan ga Malam Ummaru ya zo da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya liƙe inda ya zaizaye, ya amsa gaisuwarta, ya koma. Shekara talatin suna sahu ɗaya a masallaci da babanta, ba zai buɗe baki a kan ruwa ba. Ramin kuwa kullum ƙara zurfi yake.

Ta yi wa babanta maganar, ya ce sai bayan kaka zai kira magini. Ita kuwa ta san katangar ba za ta kai kaka ba.

Ranar kasuwar Bodinga ta sayi duron roba, ta kai wa Kamilu mai gyaran famfo. Ya huda ƙasan duron ya ɗaura kan famfo, ya ce an gama. Sai ta ce tana son wata huda a sama, kusa da baki.

Kamilu ya kalli abokan hirarsa. “Malama, ruwan tarawa za ki yi ko zubarwa?”

Suka yi dariya. Ta ji kamar ta bar musu duron ta tafi. Amma ta tsaya, da ƙaramar murya ta ce ta gwada da bokiti, indararon kan cika shi kafin ta ƙirga sittin. Duron zai cika tun ruwan sama bai yi rabi ba, kuma in ba a nuna wa sauran hanya ba, katangar mutane zai koma. Kamilu ya ɗauko abin huda.

A gida ta jera bulo shida ta ɗora duron ƙarƙashin indararo. Ta yanki tsohon gidan sauro ta ɗaure bakin duron da shi, ta zura tiyo a hudar sama, ta ja shi har gindin wani zogale a lambunta, nesa da katanga.

Ran Laraba da la'asar hadari ya sauko. Duron ya cika, sai ruwa ya fara tumbatsa ta baki. Tiyon ne ya lanƙwashe a kusurwa. Ta fita cikin ruwan ba takalmi, ta miƙe shi, ta danne da dutse. Nan take ruwan ya kama hanyar lambu.

Ruwa biyar aka yi bayan nan, Malam Ummaru bai sake yaɓe ba. Da aka yi kwana tara ba ruwa, kuɓewarta kaɗai ba ta yi yaushi ba a unguwar.

Wata Juma'a tana ban-ruwa ta ji muryar babanta a bakin lungu, shi da Malam da wasu dattawa uku. Yana nuna musu duron, ya zo kan tiyon sama ya rikice.

Malam ya ce, “Bala, bar kame-kame. Kira mai abu.”

Bala ya yi dariya. “Awo, ɗiyata ta yi shi. Ni ko igiya ban riƙa mata ba.”

Zuwaira ta aje butar ban-ruwa, ta durƙusa ta gaishe su. Sannan ta tashi, ta ɗora hannu a kan duron, ta fara yi musu bayani daga hudar sama.