Yaya Ta Rame, Auta Ya Samu Shaida

Shekara da shekaru Yaya tela tana yaƙi da ƙiba, ƙiba tana kayar da ita. Ta sha shayin rage tumbi kala-kala, ta sayi igiyar tsalle wadda daga baya ta koma igiyar shanya. Sai ga shi abin da duk suka kasa, ciwon daji ya yi shi cikin 'yan watanni.

A mama aka gano shi. Aka yi mata aiki, aka sa ta a layin masu karɓar ruwan magani, wanda ake ɗura mata ta jijiya, ta dawo gida kamar tsumman da aka matse. Gashi ya zube, baki ya yi ƙuraje, komai ta ɗora a harshe sai ta ji kamar tana tsotsar tsohon makulli.

Ana cikin haka ƙanenta, autansu, ya iso da ceto a cikin leda.

Auta ma'aikacin ofis ne, da can mai tumbi kamar ya haɗiyi randa. Bara ya ci karo da wani bidiyo a waya, ya rantse ba zai ƙara cin abin da ya tsiro daga ƙasa ba. Nama da safe, nama da rana, in yana son sauyi ya fasa ƙwai. Tumbin kuwa ya tafi, wannan ba a musu, sai dai duk abin da ya ragu a ciki ya koma baki. Ya buɗe guruf a waya, ya raɗa wa kansa suna Zaki. Matarsa, mai wanke tukwanen maiƙo, a bayan idonsa Kura take ce masa.

"Yaya, ciwon kansa sukari yake ci," in ji shi, yana jera hanta da ƙoda a firjinta. "Ki hana shi shinkafa da burodi, yunwa ta kashe shi. Kin taɓa ganin zaki a layin asibiti?"

"Ban kuma taɓa ganin zakin da ya kai shekaruna ba," in ji Yaya.

Bai ji ba, don mai wa'azi ba ya zuwa da kunne. Ya kwashe shinkafa, ya kwashe taliya, har ayabar da ke kan tebur ya tafi da ita kamar ya kama ɓarauniya. Yaya ta ƙyale shi. Ba ta da ƙarfin gardama, kuma ta san abin da ke cinsa. Irin wannan ciwon ne ya ɗauki mahaifiyarsu, lokacin Auta yana tsaye a bakin ƙofa, hannu biyu babu abin yi. Yanzu ya samu abin da zai riƙe, ko da cinyar rago ce.

Sai dai cikinta bai shiga guruf ɗin ba. Ƙamshin suyar kaɗai ke tura ta banɗaki. Takan tauna yanka ɗaya don Auta na kallo, yana juya baya ta tofar a takarda. Rigunanta suka soma yi mata yawa, ita da ta saba buɗa wa mutane ɗinki ta koma rage nata.

Ran da ta samu ƙarfin leƙa shago, wata tsohuwar kwastoma ta tafa hannu.

"Kai, Yaya! Kin koma budurwa! Don Allah me kike sha?"

"Kansa. In kina so in ba ki lambar likitan."

Matar ta yi dariyar yaƙe, ta ce ai ita ta ɗauka naman ne. Ta ciro waya ta nuna mata. Ga Yaya a hagu, a wani biki, ta cika kujera. Ga Yaya a dama, ƙashin wuya a waje, ɗankwali ya rufe kan da ba gashi. A ƙasa Auta ya rubuta cewa wannan yayarsa ce ciki ɗaya, nama zalla ya yi mata haka. Mutane sun yi ta sa albarka.

Yaya ta nemi Auta ya raka ta asibiti ranar ƙarin magani, ya kuwa zo da murna, don ya daɗe yana son ya wayar wa likitoci kai.

Nas ta ɗora ta a sikeli, ta duba, ta sake ɗora ta. Aka ɗebi jini. Da suka shiga, likita ta ce yau ba za a sa maganin ba, jikin ba zai ɗauka ba.

"Me kike ci a gida, Mama?"

Yaya ta nuna Auta da haɓa. "Tambayi farfesa."

Auta ya gyara zama, ya faro tun daga kakannin farko da suke farauta. Likita ta bar shi ya kai wajen zaki, sannan ta katse shi.

"Malam, ka rage ƙiba, Allah ya sanya alheri. Ita ba ƙiba ke damunta ba. Nama yana da amfani in zai zauna a cikinta, to ba ya zama. Ta ci duk abin da ta iya ci. Duk makon da muka ɗaga, ciwon muka ba hutu."

A mota Auta ya kama tuƙi ba wa'azin nama, abin da Yaya ba ta gani ba tun bara. Da suka zo wajen wani kanti ta ce ya tsaya, ya sayo mata burodi da madara da ayaba. Ya fita, ya dawo rungume da ledar yana waige-waige, kada wani almajirinsa na guruf ya gan shi. Ta ɓare ayaba ta ci a hankali, ta jira. Ayabar ta zauna a cikinta. Ta ɓare ta biyu.

"Yaya, ni fa ba na so ne a sake..." in ji Auta.

"Na sani, Auta. Goge hotona."

Bayan mako biyu jikinta ya ɗan ciko, aka ci gaba da maganin. Auta bai bar namansa ba, amma shi ya koma yi mata cefane, har ya iya zaɓen ayabar da ta nuna. Hoton ya goge shi. Da 'yan guruf suka tambayi dalili, ya sanar da su cewa yayarsa ta wuce mataki na biyu, wanda ba kowa ke fahimtarsa ba. Kafin yamma mutum uku sun roƙi a sa su a ciki.