Ƙusar Kawu

Kawu na tsaye kan kujera yana buga ƙusa, Auta na riƙe masa gefen labule.

"Cikin 'yan ƙasar waje ɗari, biyu jami'ar nan ke ɗauka," in ji shi. "So kike su leƙo ɗakinki su ga bola?"

Bolar ita ce teburinta: matattun fankoki, tsoffin batura, wayoyi a cukurkuɗe. An kusa fara ganawar neman gurbin karatu ta bidiyo, kuma ba a maimaita ta. Kawu ya taɓa yin kwas a waje, don haka ba a ja da shi. Ya rufe teburin da labulen falo, ya jera littattafan aro a gaba, har da na koyon tuƙi.

"In sun tambayi burinki?"

"Ceto duniya."

"Madalla."

Mama ta tsare ƙofa da tsintsiya. Baba ya miƙa wayar da ke ba kwamfuta intanet ta taga, can sabis ya fi kamawa.

Wata farfesa ta bayyana a allo, da ganinta ta gaji da masu ceto duniya. Auta ta zubo hadda. Matar ta danne hamma.

Sai ƙusa ta saki. Labule ya rufto, ya kwashe littattafan.

"Shi ke nan," in ji Kawu daga bayan ƙofa.

Farfesa ta gyara tabarau. "Mene ne wancan mai kama da tukunya?"

"Fitila nake haɗawa. Ta sha fashewa."

"Me ke fasa ta?"

Auta ta manta da duniya. Ta jawo fitilar, ta nuna inda ta ƙone, da wautar da ta jawo hakan, da tabon yatsanta. Lokaci ya wuce suna dariya, Baba na ta canza hannu.

"Sun ɗauke ki?" Mama ta tambaya bayan an rufe.

"Sai sun rubuto. Har yanzu biyu ne cikin ɗari."

"To, labulena dai ya yage."

Kawu ya sunkuya. Ya tsinci ƙusar, ya jefa aljihu. Da yamma Auta ta jiyo shi a ƙofar gida da mai kemis, wanda ɗansa ke da ganawa jibi.

"Sirrin a ƙusa yake, Alhaji, kada ta shiga sosai. Yaron na da bola, ko a aro masa ta Auta?"