Kyanwoyin Baba Ajagbe

Iya Toyosi ta riƙe bakin buhun gam. Kamoru na ja, ita ma tana ja, a tsakar gidan haya, zanenta na neman kwancewa amma ko a jikinta. A cikin buhun kyanwoyi sai kuka suke suna yakushi.

"Iya, don Allah ki sake mini buhu."

"Na ƙi. Ina za ka kai su?"

"Kogin Ogunpa."

"Kwana uku da binne ubanka, aikin da ka fara yi masa ke nan? Kai Kamoru, ka ji kunya!"

Uban nasa, Baba Ajagbe, shekara arba'in yana fim a Ibadan, kuma ba a taɓa sa shi wani abu ba sai boka ko maye. Fuskarsa ce ta ja masa, da idanu jajir da murya mai kauri. Kowane fim za ka gan shi zaune cikin jan ƙyalle da baƙar kyanwa a cinya. Su kuwa mutanen unguwa ba su taɓa raba fim da gida ba. Ga shi mutumin da kyanwoyi har tara a ɗaki, to me ya rage? In ya fito, uwaye su janye 'ya'yansu. Iya Toyosi mai amala, wadda ɗakinta ke kallon nasa shekara goma sha tara, ita ta san ko kaza bai iya yankawa ba.

Ranar da zai rasu ta kai masa koko da hantsi. Ta same shi ya rame ƙwarai, tsohuwar baƙar kyanwarsa Dudu na kwance a kan ƙafafunsa.

"Kin san yadda na fara?" in ji shi. "A fim ɗina na farko aka kawo wata kyanwa cikin kwando. Da aka gama ɗauka sai ma'aikata suka ɗebi duwatsu za su jefe ta. Na cusa ta a riga na taho gida. Ai ba ita ta ce a sa ta a fim ba."

"Sha kokonka, Baba. Surutu bai ƙare maka ba har yanzu?"

"Kar ki bari a sa su a buhu."

"In dai ina numfashi, ba za a sa ba."

Kafin la'asar ya cika. Ta yi kuka sosai, don ta yi rashin maƙwabci na gari.

Yanzu ga ɗansa daga Legas da buhu a hannu, idonsa ya kaɗa. "Iya, tun ina firamare ɗan maye ake kirana. Yanzu cewa ake babu mai cin ƙosan sadakarsa muddin waɗannan suna gidan nan. So kike a watse a bar ni da tukwane?"

Ta tausaya masa, amma ba ta saki buhun ba. "Ba ni zuwa addu'ar kwana takwas. Zan sama wa kowace gida."

"Duk wadda ta rage ranar, kogi."

"Na ji. Kwance bakin."

Kwana biyar tana zaga unguwa, ta tashi daga tuƙin amala ta shiga gida gida. Wata ta kaɗa yatsu ta bayan kai ta ce Allah ya tsare ta. Wani ya tofar da yawu. Wata ma da suka yi shekaru suna zuwa biki tare, ta labule ta amsa mata. Da ƙyar wani tela da ɓera ya addaba ya karɓi ɗaya, wata tsohuwar nas ta karɓi ɗaya. Saura bakwai, kwanaki sun ƙare.

Ranar addu'a aka kafa rumfa a titi, dangi suka sha anko. An soya ƙosai tuli, amma mutane sai kallonsa suke, ba mai miƙa hannu. A gefe ga robobin wanka masu hoton mamaci da za a raba wa baƙi, yadda aka saba. Iya Toyosi ta ɗebi bakwai ba ta tambayi kowa ba. Ta sa kan kifi da kyanwa a kowace, ta kifa kwando ta ɗaure. Alfa Tiamiyu, malamin unguwar, na shafa fatiha, ta jero su a gaban jama'a.

"Ga tsarabar mamaci," ta ce. "Wanda ya san Baba Ajagbe da gaske, ya zo ya ɗauka. In ba haka ba, yau kogi za su kwana."

Ba wanda ya taso. Kamoru ya sunkuyar da kai. Sai tsohon Alfa ya yi gyaran murya.

"Kyanwar da ke ɗakin littattafaina shekara shida, shi ya ba ni. Ta ƙofar baya ya kawo ta, wai kar a gani ya ja mini magana. Miƙo mini waccan mai ɗigo-ɗigo, ta samu abokiyar hira."

"Af, Alfa, har da kai?" wata mai garin rogo ta faɗa. "Ni ma tawa tasa ce! Cikin kwalin taliya ya aiko mini."

Sai ga wani direban tasi ya miƙe, ya ce lokacin da mota ta taka tasa, Baba Ajagbe ne ya ɗaure mata ƙafa da tsinken tsire, yana yi yana ba ta haƙuri. Aka fashe da dariya, wasu na share hawaye. Ashe kowa ɓoye tasa yake yi, yana zaton shi kaɗai ne. Nan da nan robobi shida suka tashi, hannuwa suka shiga ƙosai.

Dudu ce ta rage. Duk wanda ya ɗaga kwandon ya ga baƙi ƙirin sai ya mayar ya yi gaba.

"Saura ɗaya, Iya," in ji Kamoru a hankali.

Ta san abin da baƙar kyanwa za ta yi wa mai sayar da abinci a unguwar nan. Ta sunkuya ta ɗauki robar ta ɗora a ka.

"Ba ta rage ba. Tawa ce."

Washegari ta kafa tukunya a ƙofar gida, Dudu ta shige ƙarƙashin benci ta kwanta. 'Yan acaɓa suka zo kamar kullum, suka leƙa, suka tsallaka titi wajen mai shinkafa. Abin ya yi mata ciwo, amma ba ta kori kyanwar ba. Amala ya fara sanyi a cikin kula.

Da hantsi Kamoru ya fito da jakarsa zai tafi tasha. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bencin, sannan ya ajiye jakar ya zauna.

"Zuba mini, Iya. Da ganda biyu."

Ya wanke hannu ya fara ci, duk titin na kallonsa. Can ya yago gandar ya sauke hannu ƙarƙashin benci. Dudu ta daɗe tana shinshina yatsunsa kafin ta karɓa.