Jaririn Yashi

Wani dare Baba Tela yana jiƙa ƙafafunsa a ruwan ɗumi, sai ya ji ƙara ta bayan bango. Ba ɓera ba ne, ba kuma ƙwanƙwasa ƙofa ba. Taf, taf, taf, taf, taf, sau biyar, sai shiru, sai ajiyar zuciyar namiji. Baba mutum ne mai son abin da ba a gane kansa ba. Ya taɓa yin mako guda yana bin wata kaza don kawai tana tafiya a karkace.

Da safe ya leƙa ɗakin maƙwabcinsa Mai Agogo, wani siririn saurayi da ke gyaran agogo a bakin titi. Ya tarar da shi rungume da filo.

"Ɗana, me filon nan ya yi maka?"

"Ba filo ba ne, Baba. Jariri ne. Ya haɗiye abu."

Baba ya ja kujera ya zauna.

Ashe matar Mai Agogo cikinta wata bakwai ne, ta kuma kafa masa doka. Tana ƙarama, ƙanenta ya haɗiye murfin kwalba, babansu ya yi ta zagaya tsakar gida yana wayyo, har yaron ya daina motsi. Ta ce ba za ta kawo ɗa gidan da ba a iya komai ba sai wayyo. In bai iya fitar da abu daga maƙogwaron jariri ba kafin ta haihu, gidan yayarta za ta koma, a yi renon a can, shi ya riƙa zuwa gani kamar baƙo. Yayar nas ce. Ita ta koya masa: a kifa jariri a kan hannu, kai ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗu sau biyar da gindin tafi.

"Filo ba shi da maƙogwaro," in ji Baba. "Yaya za ka san abu ya fito?"

Kwana biyu Baba bai ɗinka rigar kowa ba. Ya haɗa jariri da ragowar ƙyalle, ya cika shi da yashi, ya sa masa guntun tiyo a wuya, ya cusa maɓallin kwat a ciki. Ya yi masa kunnuwa ma, ko da yake ba wanda ya nema.

Nan matsala ta bayyana. Hannun Mai Agogo bai taɓa dukan komai ba. Shekara goma sha biyu yana taɓa ƙarafan da numfashi ma ke iya watsarwa. In ya ɗaga hannu kamar da gaske, sai ya sauke shi kamar mai tashin surukinsa daga barci.

"Buga mana!" in ji Yaya Nas ranar da ta zo dubawa. "Lallashi kake yi?"

"Yaya, ƙarami ne fa."

"Yashi ne."

Ta juya tana magana da ƙanwarta. Kafin ta waiwayo, Mai Agogo ya maƙala gilashinsa na ido ɗaya, ya zura hantsaki cikin tiyon, ya zaro maɓallin tsaf, ya miƙa mata a tafin hannu. Baba bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba, har ya fara tafi.

Nas ta dubi maɓallin, ta dubi mai shi.

"In ka kusanci ɗan ƙanwata da ƙarfen nan, da shi zan cire maka haƙori. Ƙara cusa abin ciki kawai za ka yi da shi. Asabar zan dawo. Ke kuma ki haɗa kayanki."

Asabar da hantsi duk gidan haya ya fito tsakar gida. Mai wanki ta bar kumfa a hannu, direba ya fasa fita. Matar ta fito da jakarta ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna a kai tana riƙe da ƙugu. Baba ya cusa maɓallin da kansa, ya miƙa jaririn da hannu biyu.

Mai Agogo ya kifa shi daidai. Kai ƙasa, daidai. Ya buga ɗaya, ko ƙuda ba zai tashi ba. Biyu. Uku.

"Maigida," in ji matar, ba ta ko ɗaga murya ba, "ya fara baƙi. Ka ga leɓensa?"

Baba ya leƙa. Shi bai ɗinka leɓe ba. Amma Mai Agogo ya gani, don gumi ya keto masa har a haɓa. Ya ɗaga hannun nan da bai taɓa marin kowa ba, ya sauke.

Maɓalli ya yi tsalle ya faɗa cikin bokitin mai wanki. Kan jaririn ya bi bayansa, bai dai kai bokitin ba. Yashi ya shiga zuba a kan takalmin Nas, siriri, ba gaggawa.

Baba ya ɗauko kan ya juya shi. Sai yanzu ya tuna cewa da zaren kama-kama ya riƙe wuyan, da niyyar zai bi da keken ɗinki daga baya. Ya buɗe baki zai faɗa, ya ga ba wanda ke kallonsa. Nas tana kallon ƙafarta. Matar ta miƙe daga kan jakar, ba ta ɗauka ba, ba ta kuma mayar ciki ba. Hannun mijinta take kallo, wanda har yanzu ya ƙi sakin gangar jikin.

Mai wanki ta tsamo maɓallin daga kumfa, ta goge a zaninta.

"To ni ban gane ba," ta ce. "Ya ci ne, ko ya kashe shi?"