Silifas a Ƙofar Maikolo

Duk layinsu a garin Logan an san Maikolo da baki. Irin mutanen nan ne da za su sayar maka da inuwar bishiyarka, ka biya kana godiya. Amma ranar da matarsa Seini ta ɗaure kayanta ta tafi aikin haƙar ma'adinai can yammacin ƙasar, ta ce kada ya jira ta, bakin nan bai gaya wa kowa ba.

Ta manta silifas ɗinta masu ruwan ɗorawa a ƙofa. Mutanensu 'yan tsibirin Tonga kuwa ba sa tambayar wa ke gida, takalman ƙofa suke dubawa. Sai Maikolo ya mayar da abin sana'a. Da safe ya karkata su kamar yanzu aka cire, da yamma ya yayyafa musu ruwa kamar mai su ta dawo daga ban ruwan lambu. Wani lokaci idan zafin rana ya kwantar da shi a ƙarƙashin fanka, labule na hurawa, har shi kansa yakan ji kamar motsin cokali a kicin, ya yi lamo don kada ta fasa.

Ran Lahadi bayan coci, maƙwabciyarsa Inna Melenaite takan aiko kwano biyu, gwaza da nama an naɗe a ganye da madarar kwakwa. Ya cinye duka, ya mayar da kwanukan ya ce Seini ta ce gishiri ya ji daidai.

Ana haka aka rage masa ranakun aiki a sito. Sunansu biyu ne a takardar haya, amma dillalin gida ba ruwansa da wa ya kwana wa ya tafi, hayarsa cikakkiya yake so. Da takardar gargaɗin tashi daga gidan ta iso, Maikolo ya kira ofishin tallafi.

"A wurinmu ku ma'aurata ne," in ji matar da ta ɗauka, "albashin matarka kuma ya wuce na masu karɓar tallafin haya. Idan kun rabu sai ka faɗa, ka ba mu wanda ya san ku ya shaida."

Ya bi mutanen layin ɗaya bayan ɗaya a ransa. Kowa ya ga silifas. Da hannunsa ya kashe shaidunsa kaf.

Ya tarar da Inna Melenaite a tabarma ƙarƙashin mangwaro tana fifita, idonta rabi a rufe.

"Inna, wannan kyau haka? Matar fasto dai ta yi hattara."

"Faɗi abin da ya kawo ka, sarkin surutu."

"Ɗan taimako ne. Idan mutanen ofis sun tambaya, ki ce ni kaɗai nake zaune a gidan."

"In yi wa hukuma ƙarya da furfurata? Je ka kira mini matar taka. Dama ina cike da ita. Ta ci abincina ta aiko da yabo, amma ta tsallako ta gaishe ni ya gagara. Sarauniya ce?"

Maikolo ya buɗe baki zai saki wata ƙaryar, irin ta ciwon kai ko aikin dare. Babu wadda ta zo. Wani mangwaro ya faɗo tim a ciyawa, ƙamshinsa ya cika wurin, ya ga Seini a tsaye tana tsotsar irinsa, ruwan na bin gwiwar hannunta. Ya ƙifta ido, ba kowa sai shinge.

"Ta tafi, Inna. Ni ke juya takalman."

Mafici ya tsaya cak.

"Kwano na biyun fa?"

"Shi ma ni ne."

"Shi ya sa wuyanka ya yi kauri." Ta daɗe tana kallonsa. "Na yi ta zagin yarinyar nan a zuciyata, har a cikin coci. Kai ka ja mini zunubi. Zauna nan, ɗan banza, kira su."

Ya zauna a gefen tabarma, ya buɗe muryar wayar. Kiɗan jira ya yi ta zagaye, Inna ta ci gaba da fifita, yanzu shi take yi wa. Can wata murya ta shigo, ta tambayi sunansa da lambarsa, sannan ta ce tun yaushe suka rabu.

"Tun mangwaron nan yana fure," in ji Maikolo.

"Sunan wata take tambaya, ba waƙa ba," Inna ta ce, ta zungure shi da mafici.

Ya gyara murya, ya faɗi watan.