Fararen Ledojin Doña Herminda

Shekara goma sha shida Doña Herminda tana aikin shara a dogon benen nan mai hawa goma sha biyu a unguwar Cedritos, ba wanda ya taɓa tambayarta launin leda. Kowa ya cika tasa sai ya buɗe murfin bututun shara na hawansu ya sake ta, ta gangaro ta fashe a ɗakin bola, Herminda ta kwashe. Kwatsam sai ga doka: farar leda ta kwali da kwalba da roba, koriya ta ragowar abinci, baƙa ta abin da ya gama amfani.

Don Ramiro, manajan ginin, ya kira ta ofis. Ko kujera bai nuna mata ba. Ya ce nan da mako biyu, ran Juma'a, jami'ar hukuma za ta zo duba ɗakin bola, kuma kwamitin mazauna ya riga ya yanke magana: muddin aka ci ginin tara, kamfani za a ba aikin, ita kuwa a sallame ta. Tana da shekara hamsin da takwas, da gwiwar da ke ƙara in ta durƙusa. Wa zai ɗauke ta aiki yanzu?

Haka ta fara bin ƙofofi da ledoji kala uku a hannu. Ta ga abin takaici iri-iri. Doña Clemencia ta hawa na tara ta leƙo ta bayan sarƙar ƙofa, ta ce ita ba don ta riƙa wanke gwangwanin kifi ta yi ritaya ba. Ɗaliban jami'a da ke hawa na huɗu suka amsa da fara'a, har da ba ta kofi, washegari suka sauko da farar leda cike da ɓawon ayaba. Wanda ya fi ƙona mata rai shi ne lauyan hawa na goma sha ɗaya. Bawan Allah ya raba sharar tsaf, ya ɗaure kowace leda da kyau, sannan ya jefa su duka ukun cikin bututu. Kwalabe suka tarwatse, ruwan miya ya jiƙe kwali, Herminda ta tsaya a kai tana zagin duk wanda ya ƙirƙiro bututun shara.

Ta liƙe murafun da salatif, aka ɓare. Ta sake liƙewa. Daga ƙarshe ta haƙura ta riƙa hawa da kanta tana karɓo fararen ledojin ƙofa-ƙofa, ta sauko da su ta matakala, tunda an hana shiga lifta da shara. A ƙasa ta kwance kowace, ta ɗauraye robobin madara, ta shanya, ta mayar. Kafin ran Alhamis fararen ledoji sun kai rufin ɗaki, a jere, ba wari ba ƙuda. Ta daɗe tana kallonsu, har ta ji daɗi.

Ran Juma'a da safe ta hau hawa na goma sha biyu ɗauko na ƙarshe. Da ta sauko ta tura ƙofar ɗakin bola, sai ta ga bango fili inda ta jera fararen. Baƙaƙe na nan, koraye na nan, farare ko ɗaya babu.

Wilmer mai gadi ya ɗago kai daga kofinsa ya ce ai Don Fulgencio ne ya zo, kamar kullum. Don Fulgencio tsoho ne mai tura amalanke yana tsintar kwali da kwalba ya kai sayarwa, kuma duk Juma'ar duniya da safe yake zuwa ginin. Herminda da kanta ta sa masa ranar tun shekarun baya. Ta tuna da lauya, ta tuna da Doña Clemencia, shi kaɗai ta manta.

Ba ta gama dafe kai ba sai ga Don Ramiro da jami'ar, wata matashiya da allon takarda a ƙirji. Jami'ar ta duba hagu, ta duba dama.

"Ina fararen?"

Herminda ta ce, "Ranki ya daɗe, sun tafi. Mai tsintar kaya ya kwashe su yanzun nan. Ai don shi ake ware su, ko ba haka dokar ta ce ba?"

"Haka ta ce, Doña. Amma takardata gida biyu gare ta: na gani, ban gani ba."

Herminda ta roƙi minti goma. Ta fita a guje da takalmin roba, gwiwa na ciwo, tana haki, ta same shi a layi na uku gindin wata bishiya. Ya riga ya kwance ledojin duka. Kwali ya danne shi ya ɗaure, kwalabe a buhu, robobi an tattake su. Tun daga nesa ta shirya maganar da za ta gasa masa, amma ya riga ta.

"Maƙwabciya, me ya sami mutanen gidanku? Shekara goma sha shida ina tonon ƙazantarsu, yau ko safar hannu ban sa ba."

Ya miƙo mata tafukansa. Tsofaffin tabon yankan kwalba ne birjik, amma babu sabo ko ɗaya. Dariya yake yi kamar an yi masa kyauta. Ta rasa wa za ta yi wa faɗa, takaici ya cika ta har idonta ya kawo ruwa. Shi kuwa ya ninke fararen ledojin ya ba ta, wai kada a yi asararsu.

Da ta dawo motar jami'ar ta tafi. Wilmer bai yarda sun haɗa ido ba, ya ce Don Ramiro na jiranta a ofis, kuma ta taho da makullin ɗakin bola. Tana tsaye da ledojin a hammata sai ta ji ƙarar murfin bututu daga can sama. Wata leda ta gangaro ta fashe, kuma daga ƙarar ta san kwalabe ne.